Dabarun Hawan Tudu da Keke Mai Ƙafa Uku Ba Tare da Taya Ta Zame Ba

1.0 Gabatarwa

Keke mai ƙafa uku ya zama ruwan dare a garuruwan Nijeriya. Shi ke kai ɗalibi makaranta, ya kai mai ciki asibiti, ya kai 'yar kasuwa da kayanta bakin rumfa. Matasa masu yawa kuma da shi suke ciyar da iyalansu. Sai dai garuruwan ƙasar nan ba shimfiɗa ɗaya gare su ba. Wanda ya koyi tuƙi a Kano ko Maiduguri, inda ƙasa take a baje, idan neman abinci ya kai shi Jos ko Lokoja ko Okene ko Ibadan ko Abeokuta ko Inugu, zai tarar da tuddan da ba su san ƙwarewarsa ba. A irin waɗannan wurare ne ake ganin keke ya kai tsakiyar hawa, injin yana kuka, taya tana juyawa a wuri ɗaya, sannan ya fara komawa da baya da mutane a ciki.

A wannan muƙala zan yi ƙoƙarin bayyana abin da ke sa taya ta riƙe ƙasa da abin da ke sa ta saki, sannan in kawo matakan da direba zai bi kafin hawa, da lokacin hawa, da kuma idan keke ya gaza. Na yi amfani da kalmomin da direbobi da makanikai suka saba da su. Inda ban samu kalma ba, na bayyana abin da Hausa mai sauƙi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Keken a Nijeriya

Asalin irin wannan keke daga ƙasar Italiya yake, inda kamfanin Piaggio ya fito da samfurin Ape a shekarar 1948. Daga baya kamfanin Bajaj na Indiya ya samu izinin ƙera irinsa, kuma kekunan Indiya, wato na Bajaj da TVS, su suka cika titunanmu. Sunayen da muke kiran sa da su ma tarihi ne. A Legas ana ce masa Keke Marwa, saboda an shigo da shi zamanin da Mohammed Buba Marwa yake gwamnan soja na jihar, daga 1996 zuwa 1999. Sunan Keke Napep ya samo asali ne daga shirin yaƙi da talauci na NAPEP, wanda gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa a 2001. A Kano kuwa ana ce masa A-daidaita-sahu, sunan shirin gyaran tarbiyyar al'umma na zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya yi mulki daga 2003 zuwa 2011. Hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a shekarar 2013 ya ƙara masa kasuwa.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙirarsa. Injinsa ƙarami ne, kusan cc 200, ƙarfinsa kuma bai wuce na doki 10 ko kusa da haka ba. Injin yana baya, kuma tayoyin baya biyu su ke tura keken, ta gaba aikinta juya kai kawai. Yana da giya huɗu na gaba da ribas. Giya da kuloci suna hannun hagu, totur yana hannun dama, birki yana ƙafa, akwai kuma birkin hannu.

3.0 Mene ne Riƙon Ƙasa?

Abin da na kira riƙon ƙasa shi ne damƙar da ke tsakanin robar taya da fuskar hanya. Inji ba ya tura keke kai tsaye. Shi dai yana juya taya, taya ta tura ƙasa baya, ƙasa kuma ta tura keke gaba. Idan damƙar nan ta kasa, duk ƙarfin inji ya tashi a banza. Ka kwatanta da ƙato majiyi ƙarfi sanye da silifas a kan daɓen siminti da aka zuba wa ruwan sabulu: ƙarfinsa yana nan, amma ba shi da wurin tokarawa.

Abu biyu ne ke auna wannan riƙo. Na farko shi ne nauyin da ke danne tayar da ke turawa. Na biyu shi ne irin hanyar. A ƙiyasin da aka saba amfani da shi, a kan busasshiyar kwalta taya tana iya turi da ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin da ke kanta. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta yakan sauko zuwa wajen kashi 40 ko 50, a cikin taɓo kuwa wajen kashi 20 ko ma ƙasa da haka. Akwai kuma wata ƙa'ida da ya kamata kowane direba ya haddace: tayar da ta riga ta fara zamewa riƙonta bai kai na wadda take mirginawa daidai ba. Saboda haka hana zamewa ya fi sauƙi a kan tsayar da ita.

3.1 Yadda Ake Auna Tudu

Ana auna tsananin hawa da kashi cikin ɗari. Idan hanya ta ɗaga mita 10 a cikin tafiyar mita 100, an ce hawan kashi 10 ne. Kowa zai iya gwadawa. Ka samu sanda mai tsawon mita 1, ka ɗora bakinta ɗaya a kan hanya ta wajen sama, ka riƙe ta a kwance daidai, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin ɗaya bakin da ƙasa. Idan santimita 15 ce, hawan kashi 15 ne. Ido yana yawan ruɗin mutum a nan. Hawan kashi 20, wanda yake sa mai tafiya a ƙasa haki, digiri 11 ne kawai. Titin Baldwin da ke birnin Dunedin na ƙasar New Zealand, wanda ya yi suna a duniya saboda tsananin hawansa, kusan kashi 35 ne.

3.2 Misali da Lissafi

Mu ɗauka keke yana da nauyin kilo 350, ga direba da fasinja uku, kowanne kilo 70. Jimla kilo 630 ke nan. A hawan kashi 10, ƙarfin da ke jan keken baya daidai yake da nauyin kilo 63 ko kusa da haka. A hawan kashi 20 ya kai wajen kilo 124. Yanzu mu ɗauka kashi biyu cikin uku na nauyin, wato kilo 420, yana kan tayoyin baya. A busasshiyar kwalta riƙonsu zai kai kilo 294, wanda ya ninka abin da ake buƙata. A jiƙaƙƙiya, idan muka ɗauki kashi 40, zai zama kilo 168, ya isa amma rarar ba ta da yawa. A taɓo kuwa kilo 84 ne kawai, alhali ana buƙatar 124. Wannan keke ba zai hau ba ko da an murɗe totur har ƙarshe.

Lissafin ya kuma nuna mana dalilin hawa a hankali. Ɗaga wannan nauyi a hawan kashi 20 da gudun kilomita 10 a awa yana cin ƙarfin doki huɗu da rabi. Idan aka ninka gudun zuwa kilomita 20, sai ya ci na doki 9, wato kusan duk abin da injin yake da shi. Ga kuma wani abu da mazauna tsaunuka suka sani: iska tana raguwa yayin da ake yin sama, inji kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga teku, don haka keken da ke can ya rasa fiye da kashi 10 na ƙarfin da zai nuna a Legas. A tsaunin Mambila na jihar Taraba asarar ta fi haka.

4.0 Abubuwan da Ke Sa Taya Zamewa

4.1 Rabon Ƙarfi Tsakanin Tayoyin Baya

Tsakanin tayoyin baya akwai wata na'ura da ke raba musu ƙarfin inji, kuma ita ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan za a sha kwana. Amfaninta babba ne, amma tana da aibi a wurin santsi, domin rabo daidai take yi: ba ta ba kowace taya turin da ya wuce abin da mai raunin cikinsu za ta iya riƙewa. Mu koma ga misalinmu. Kowace taya tana ɗauke da kilo 210. Idan ta dama tana kan kwalta, riƙonta kilo 147 ne. Idan ta hagu ta faɗa taɓon gefen hanya, nata kilo 42 ne. Mutum zai zaci jimlar 189 ce, amma abin da keken zai samu shi ne 42 sau biyu, wato 84. Shi ya sa ake ganin taya ɗaya tana watsa laka, ɗayar kuma tana tsaye cik a kan kwalta. Darasin shi ne direba ya duba inda tayoyin baya biyun za su taka, ba ta gaba kaɗai ba.

4.2 Komawar Nauyi Baya

Duk abin hawa da ya fuskanci tudu, nauyinsa yana komawa baya. Ga keken fasinja wannan taimako ne ta wani ɓangare, tunda tayoyin baya ke turawa. Amma kan keken yana yin sakayau. Idan aka lafta buhuna a bayan kujera ko aka rataye kaya a bayan keke, tayar gaba tana iya ɗagawa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta juya kai. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa ne, a gaban ƙafar fasinja, ba kan rufi ba.

Sauran kekuna masu ƙafa uku nasu ya bambanta. Keken ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, idan babu lodi, tayoyin bayansa ba su da abin da ke danne su, don haka ya fi zamewa a fanko. Keken guragu kuwa, wanda ake tuƙawa da hannu, irin wanda cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan take ƙerawa a Jos, tayar gaba ce take ja. Da ya fara hawa sai nauyi ya bar tayar da ake buƙata. Mai irin wannan keke zai taimaki kansa idan ya sunkuyo gaba, ya juya hannu a jere ba da fizga ba, ya kuma guji rataya kaya a bayan kujera.

4.3 Lafiyar Taya

Zanen da ke jikin taya magudanar ruwa ne. Shi ke fitar da ruwa da laka daga ƙarƙashinta domin roba ta samu taɓa hanya. Suɗaɗɗiyar taya tana iya yin aiki da rani, amma da damina ba ta da maraba da sabulu. A ƙasashe da dama doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba. Tsufa ma yana busar da roba. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2322, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi a kan tsofaffin tayoyi da na gwanjo. Haka kuma iska idan ta yi yawa, taya takan yi tsalle a kan tsakuwa, idan ta yi kaɗan kuma takan yi zafi ta lalace. A sa mai faci ya auna da ma'auni bisa abin da kamfani ya rubuta, kuma na baya biyun su zama daidai.

4.4 Yanayin Hanya

Ruwan farko ya fi kowanne haɗari, domin yana haɗuwa da ƙura da baƙin man da suka taru a kan kwalta tun rani, su zama wani abu mai sulɓi. Hanyar burji tana da kyau idan ta bushe, amma jar ƙasa idan ta jiƙe tana cika zanen taya ta mayar da ita kamar suɗaɗɗiya. Yashin da ruwa ya kwaso ya tara a gindin tudu, da tsakuwar da ke kan kwalta, da gansakukar da ke kan siminti a inuwa, duk maƙiyan taya ne.

5.0 Shiri Kafin Hawa

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin keke ya taka tudu, ga abubuwan da ya kamata direba ya yi:

1. Ya dubi hawan tun daga nesa, ya zaɓi layin da zai bi, inda tayoyin baya biyu za su samu ƙasa iri ɗaya.
2. Ya dubi lodinsa. An yi kujerar baya don mutum uku. Kowane ƙarin mutum mai kilo 70 yana ƙara wajen kilo 14 a kan abin da ke jan keke baya a hawan kashi 20, kuma birki ne zai biya bashin idan aka tsaya.
3. Ya daidaita zama, kada masu jiki su taru a gefe ɗaya.
4. Ya bar tazara. Idan akwai babbar mota ko wani keke a kan hawan, ya jira su ƙare, domin tsayawa a tsakiya ita ce babbar matsala.
5. Ya sa giyar da za ta kai shi har sama tun yana ƙasa. A tudu mai tsanani da lodi, giya ta ɗaya ce.
6. Ya tanadi waigi, ko da guntun katako ne, a ƙarƙashin kujerarsa.

6.0 Lokacin Hawa

A shiga hawan da ɗan gudu matsakaici, wanda zai taimaka a wuce wurare masu santsi, ba gudun da zai sa keke tsalle ba. Duk lokacin da taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, tana dawowa ne da juyi fiye da tafiyar keken, daga nan zamewa take farawa. A riƙe totur a wuri ɗaya. Fizgar totur tana aika wa taya ƙarfi farat ɗaya fiye da abin da za ta iya riƙewa.

A saki kuloci gaba ɗaya. Wasu suna hawa da rabin kuloci don injin ya yi ƙara, suna jin kamar ƙarfi ya ƙaru, alhali farantin kuloci suke ƙonawa. Haka kuma a guji canza giya a tsakiyar hawa, domin a daƙiƙar da aka kama kuloci babu abin da ke tura keken, kuma gudunsa yana mutuwa nan take. Idan dole ne a sauko da giya, a yi da wuri, kafin inji ya fara shaƙewa.

Idan direba ya ji ƙarar inji ta tashi amma keke bai ƙara gaba ba, taya ce take zamewa. Zuciya za ta ce ya ƙara wuta, amma daidai shi ne ya rage totur kaɗan har taya ta sake kama ƙasa, sannan ya ƙara a hankali. Ci gaba da murɗawa yana goge laka ta ƙara santsi, ko ya haƙa ramin da taya za ta zauna a ciki.

Mai keken hawa mai ƙafa biyu yakan yi ta karkata dama da hagu don rage tsananin tudu. Wannan dabara ba ta keke mai ƙafa uku ba ce. Tsayuwarsa kamar murhu take, duwatsu uku, kuma gabansa ƙafa ɗaya ce. Da zarar ya ba tudu gefensa, nauyi yana komawa kan tayar da ke ƙasa, ta sama ta ɗaga, sai kifewa. A fuskanci tudu kai tsaye, kuma kada a yi yunƙurin juyowa a tsakiyarsa.

7.0 Idan Keke Ya Gaza

Idan keke ya tsaya ko inji ya mutu, abu na farko shi ne a taka birki, a ja birkin hannu, a bar shi a giya. Sannan fasinjoji su sauka ɗaya bayan ɗaya, su tsaya a gefe, kada kowa ya tsaya a bayansa. A sa waigi ko dutse a bayan taya. Idan taya ɗaya ce a cikin laka, a kwashe lakar da ke gabanta a zuba tsakuwa ko rassan itace ko tsohon buhu.

Wajen sake tashi, a sa giya ta ɗaya, a ba da wuta kaɗan, a riƙa sakin kuloci har a ji keken yana neman tafiya, sannan a saki birkin hannu. Masu turawa su tura daga gefe. Idan an gwada sau biyu bai hau ba, a haƙura. A sa ribas, a sauko a miƙe a hankali, wani yana duba baya, a nemi wata hanya ko a rage kaya a yi sawu biyu. Na san direba yana da balas da zai kai wa mai keke da yamma, kuma sauke fasinja kamar asara ce. Amma kuɗin mutum ɗaya ba zai sayi farantin kuloci ba, balle ya biya karayar ƙafa. Kada garin neman gira a rasa ido.

8.0 Saukowa

Wanda ya hau dole ya sauko, kuma gangara tana da nata haɗarin. Ƙa'idar da direbobin manyan motoci suka daɗe da ita ta dace da keke: a sauko da giyar da aka hau da ita. Inji yana riƙe keken, birki kuma yana taimakawa kawai. Al'adar kashe inji ko sa keke a firi don tsimin mai tana ɗora duk nauyin a kan birki. Birkin keke idan aka daɗe ana danne shi yana yin zafi, idan ya yi zafi kuma kamunsa yana raguwa daidai lokacin da ake buƙatarsa. A riƙa takawa ana saki, kuma a rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

9.0 Kammalawa

A wannan muƙala na nuna cewa hawan tudu ya dogara ne a kan abu uku: nauyin da ke jan keke baya, nauyin da ke danne tayoyin da ke turawa, da irin ƙasar da suke takawa. Direba ba zai iya rage tudu ba, amma lodi da taya da giya da totur duk suna hannunsa. Ina ganin ya kamata ƙungiyoyin masu keke su riƙa gwada sabon direba a kan tudu kafin su ba shi layi, musamman wanda ya zo daga garin da babu hawa. Mu fasinjoji ma muna da namu. Idan direba ya ce a sauka a taka zuwa sama, kada mu yi masa tsawa, idan kuma muka ga keke ya cika, mu jira na baya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.